Kafin a manna tayil: yadda ake toshe wa ruwa hanya a jikin allon siminti

An taɓa kirana in duba wani banɗaki a saman bene, aikin da bai cika shekara biyu ba. Daga ciki ba abin da za ka gani sai ƙyalli, tayil fes, layi a miƙe. Sai da muka sauko falon da ke ƙasa na ga abin da ya sa aka kira ni: silin ya yi taswira ruwan ƙasa-ƙasa, fenti yana ɓarewa kamar ɓawon albasa, ga warin danshi da ya kama labule. Da muka ɓalle tayil uku na layin ƙasa, allon simintin yana nan garau, bai ruɓe ba, amma a jiƙe yake sharkaf, ƙarfen da ke bayansa kuma tsatsa ta cinye gindinsa. Maigidan ya riƙa maimaita cewa ai an ce masa allon ba ya jin ruwa.

Gaskiya aka gaya masa, amma rabinta. Allon siminti, irin su Durock da HardieBacker da Aquapanel na kamfanin Knauf, ba ya kumbura, ba ya marmashewa idan ya jiƙe, shi ya sa ya fi allon jifsam nesa ba kusa ba a wurin wanka. Sai dai yana shan ruwa kamar bulo, yana kuma miƙa shi ga abin da ke bayansa. Tayil ɗin ma ba garkuwa ba ne. Shi kansa ruwa ba ya ratsa shi sosai, amma simintin da ake cike tsakaninsa da shi yana tsotse ruwa, kuma yana yin tsaga sirara da ido ba ya gani. Saboda haka tsakanin tayil da allo dole a sami wata fata guda, marar huda, wadda ita ce take tare ruwan ta mayar da shi rariya. Wannan fatar ita ce aikin da zan yi bayani.

Yawancin banɗakunanmu bulo ne da filasta, amma allon ya fara yawa: a raba ɗaki a saman bene inda ba a son nauyin bulo, a otal, a ofishin kwantena, a rufe bututu. Kuma wankanmu na bokiti da alwala sau biyar a rana suna jiƙa gindin bango a kai a kai, ba ya samun hutun bushewa.

Tun daga firam

Kada ka ɗaura allo ko ɗaya sai mai famfo ya gama aikinsa, an saki ruwa cikin bututu, an bar shi ya kwana an ga babu ɗigo. Yoyon da ke bayan allo babu fentin da zai magance shi.

Ginshiƙan firam, wato ƙashin bangon da ake ɗaura allon a kansa, na ƙarfe ne ko na katako, kada tazararsu ta wuce santimita 40. Ɗora doguwar lebur a kansu ka tabbata fuskarsu ɗaya, ka dafa ka ji ko suna motsi. Bangon da ke lanƙwasa idan an jingina da shi zai tsaga duk abin da aka shafa masa. Duk gefen allo kuma ya sami abin da zai kwanta a kai, musamman a kwana. A nan ne kuma za ka sa guntayen katako ko ƙarfe a inda za a rataye kwanon wanke hannu, na'urar dumama ruwa da ƙarfen tawul. Tun ran gini ran zane. Idan an rufe, sai dai a yi ta huda bango ana laluben abin da zai riƙe sukuru.

Wata shawara da za ka yanke yanzu: a Amurka tsohuwar hanya ita ce a shimfiɗa leda a kan firam kafin a ɗaura allo. Sabuwar kuma a shafa maganin hana ruwa a fuskar allo, shi ne yake zama fatar nan. Ɗaya ake zaɓa. Idan ka haɗa biyun, duk danshin da ya shiga tsakani ya rasa mafita, allon ya zauna cikin laima. Ni na fuskar allo nake zaɓa kullum, domin ta haka ruwa ba ya kaiwa ga allon kansa, kuma leda tana shan huda daga kowane sukuru.

Ɗaura allon

Na bango mai kaurin milimita 12 zuwa 13 ne. Siririn nan mai milimita 6 na daɓen katako ne, a shimfiɗa shi kan gam ɗin tayil a ɗaure da sukuru. Ba ya tsayuwa a kan firam. Daɓen kankare kuwa ba ya buƙatar allo sam.

Wajen yanka, ja layi da wuƙa mai ƙarfi ka karya. Idan ba makawa sai da injin yanka, fita waje, ka rufe hanci da takunkumi na gaske, domin ƙurar tana ɗauke da sinadarin silika mai lalata huhu a hankali. Na ga yara masu koyon aiki suna yanka a cikin banɗaki a rufe, gashin idonsu fari fat, kuma abin yana damuna har yau.

Sukuru na allon siminti za ka nema, mai rufin hana tsatsa. Baƙin sukurun allon jifsam ba ya jure siminti da danshi. A ɗaura kowane santimita 20, a bar kamar santimita 1 zuwa 2 daga baki don kada gefen ya fashe, kan sukurun ya yi daidai da fuskar allo, kada ya nutse ya fasa ragar da ke ciki. Tsakanin allo da allo a bar rata ta milimita 3. Daga ƙasa a ɗaga shi kamar milimita 6, kada ya zauna kai tsaye a daɓe ko bakin bahon wanka yana tsotsar ruwa. A sassaɓa mahaɗai kamar yadda ake jera bulo, kada kusurwa huɗu su haɗu wuri guda.

Sai rufe mahaɗai. Tef mai raga ake sawa, mai faɗin santimita 5, amma irin wanda aka yi don siminti, wanda kaifin siminti ba ya cinyewa. Kwaɓa gam ɗin tayil, ka cika ratar, ka danna ragar a ciki, ka share da bayan cokalin gini har ya kwanta ba tudu. Ka bi kan sukurori ma ka shafe. Kada wanda ya kawo maka filastar POP a nan. Ita jifsam ce, ruwa na taɓa ta ta koma kunu. Bar shi ya kwana ya bushe.

Daɓe da gangara

Kafin a shafa komai, daɓen ya riga ya sami gangara zuwa rariya, kamar santimita 2 a kowace mita. Gangarar a ƙarƙashin maganin take, ba a samansa kaɗai ba. Idan aka shafa a shimfiɗaɗɗen daɓe sannan mai tayil ya fitar da gangara da kaurin siminti, ruwan da ya ratsa zai kwanta a kan fatar ya rasa inda za shi, daga nan wari da funfuna suke farawa. Zuba ruwa kofi guda a kowace kusurwa ka tsaya ka kalli inda ya nufa. Sabuwar kankare ana ba ta kwana 28 kafin a rufe ta, siririn daɓe kuma sai ya bushe gwargwadon abin da aka rubuta a jikin maganin.

Wane magani?

Iri uku ne a kasuwa. Akwai na ruwa mai kama da fenti mai kauri, wanda idan ya bushe yake zama roba, irin RedGard da Hydro Ban na Laticrete da AquaDefense na Mapei. Akwai na siminti mai haɗi biyu, gari da ruwa kamar madara, irin SikaTop Seal-107 da Mapelastic. Akwai kuma na shimfiɗa, kamar Kerdi na Schluter, mai launin ruwan lemo, wanda ake mannawa da gam, kowane gefe ya hau ɗan'uwansa da santimita 5. Na shimfiɗa kaurinsa ɗaya ne tun daga masana'anta, ba ka da fargabar ka yi siriri, amma yana son hannu mai ƙwarewa a kwana. A kan allo da firam, wanda ke ɗan motsi da zafi da sanyi, ka zaɓi mai talewa. Duba jikin bokitin ko takardarsa: idan ka ga EN 14891 ko ANSI A118.10, an yi shi ne don a manna tayil a kansa.

Abin da zan roƙe ka kada ka yi shi ne shafa kwalta ko baƙin fentin da ake sa wa rufin kankare. Yana tare ruwa, amma gam ɗin tayil ba ya kama shi. Haka nan garin da ake zubawa cikin kwaɓin filasta da sunan hana ruwa ba ya maye gurbin wannan fata, domin ba ya iya tsallake tsaga.

Yi lissafi kafin ka saya. A ce wurin wankan mita 1.2 ne da mita 1, bango uku, tsayi mita 2.1. Bangon ya kama murabba'in mita 6.7, daɓe 1.2, a ce 8 gaba ɗaya. Na ruwa, galan mai lita 3.8 yakan rufe kusan murabba'in mita 5 a shafi biyu, ke nan kana buƙatar kusan galan biyu. Na siminti yakan ci kamar kilo 2 a kowane murabba'in mita a kan kaurin milimita 1, kuma galibi milimita 2 ake so, ke nan kilo 30 da ɗoriya. Riƙe wannan lissafin, zai yi maka amfani a gaba: idan an gama aiki ka ga rabin kayan ya rage, ba tattali aka yi ba, siriri aka shafa.

Shafi

Share ƙura tas, sannan ka goge allon da soso mai ɗan danshi. Allon siminti mai ƙishirwa ne. Idan ka shafa a busasshe, zai zuƙe ruwan maganin nan take, fatar ta fito da ƙananan ramuka kamar hudar allura. Magunguna na siminti suna son a jiƙa wurin har ya ƙoshi amma ba ruwa kwance. Wasu na ruwa suna da nasu share-fage, wasu kuma ana tsinka kaɗan daga ciki da ruwa a fara shafawa. Abin da kamfanin ya rubuta shi za ka bi, kuma ban da wannan shafin farko kada a ƙara ruwa don ya yi auki.

Lokacin aiki ma abin lura ne a wajenmu. A hunturu iska busasshiya ce kuma ƙura ba ta ƙarewa, a bazara kuwa zafi yakan haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri. Duka biyun suna busar da saman maganin kafin cikinsa. Yi aiki da sassafe, rufe taga, kashe fanka, kuma idan mai haɗi biyu ne ka kwaɓa kaɗan-kaɗan, abin da za ka ƙarar kafin ya fara daskarewa. Wanda ya fara kamawa a bokiti a zubar, ba a farfaɗo da shi da ruwa.

Ba da tsakiyar bango ake farawa ba. Tsakiyar bango da wuya ta yi yoyo. Inda ake faɗuwa shi ne kwana, da mahaɗar bango da daɓe, da bakin bututu, da rariya, don haka su za ka ba rabin lokacinka.

A kowace kwana, shafa maganin da burushi da kauri, santimita 8 zuwa 10 ta kowane ɓangare. Tun yana ɗanye ka kwantar da ƙyallen ƙarfafawa ko madaurin roba da ake sayarwa tare da shi, ka tura shi can cikin lungu da bakin burushi, ka fitar da iska, ka sake shafawa a kai har ƙyallen ya ɓace. Idan ka bar rami a bayansa a lungu, ranar da mai tayil ya danna tayil zai fasa shi. Inda kwana uku suka haɗu a ƙasa, nan ne mafi wuya. Akwai kusurwoyin roba da aka ƙera don wurin. Idan ka samu ka saya, ba su kai kuɗin ɓalle tayil ba. In ba ka samu ba, ninke ƙyallen kamar yadda ake naɗe kusurwar kwali, kada ka yanka shi har lungu.

Bututun da ya fito daga bango, a cike ratar da ke kewaye da shi da abin liƙi na foliyuritan, ba silikon ba, domin maganin ba ya kama jikin silikon. Sannan ka yanka ƙyalle murabba'i, ka huda tsakiyarsa ƙasa da faɗin bututun kaɗan, ka zura shi ya matse kamar wuyan riga, ka shafe. Akwai na roba da aka yi musamman. Ka lura da cewa a jikin abin da zai dawwama za ka liƙe, ba a jikin toshiyar wucin gadi da mai famfo zai kwance gobe ba. Idan ya murɗe ta, da fatar zai tafi.

Rariya kuwa, mafi kyau ita ce mai faffaɗan baki da aka yi don maganin ya hau kansa. Amma a gidaje da yawa bututun roba ne kawai ya leƙo daga daɓe. Yanke shi daidai da daɓen, kada ya yi tsini ya tare ruwa, goge cikinsa da takardar yashi don ya yi kaushi, sannan ka lanƙwasa ƙyallen da maganin su gangara cikinsa santimita 2 zuwa 3. Ruwan da ya bi kan fatar ya faɗa cikin bututu, ba gefensa ba.

Idan akwai alkuki na ajiye sabulu, gindinsa ya ɗan karkato waje, kuma duk kwanoninsa su sha ƙyalle. Dokin ƙofa ko ɗan dandamalin da ke tare ruwa a lulluɓe shi ciki da sama da waje, kada kuma a buga masa ƙusa ko sukuru daga sama.

Bayan nan sai fili. Shafi na farko da rola ko burushi, hannu yana tafiya gefe zuwa gefe. A wurin wanka a kai aƙalla mita 1.8 daga ƙasa, ni dai har sama da kan shawa nake kaiwa. Sauran banɗakin a rufe daɓe duka, a hau bango santimita 15, a wurin alwala da bayan famfon bokiti kuma a ƙara tsayi sosai. Jira ya bushe. Wasu suna nuna maka da launi: RedGard yana shiga ruwan hoda ya bushe ja, Hydro Ban kuma korensa yana ƙara duhu. Kwana da ƙyalle sun fi jinkiri, su za ka duba. Shafi na biyu daga sama zuwa ƙasa, ya gicciye na farko, don ya rufe abin da na farko ya tsallake.

Na ruwa idan ya bushe kaurinsa yakan kama daga rabin milimita zuwa kusa da milimita 1, wato kwatankwacin katin cirar kuɗi. Akwai ɗan ƙarfe mai haƙora kamar matsefi da ake dangwalawa a ɗanyen shafi a auna kauri. In babu, ga lissafin galan ɗinka, ga kuma ido: idan kana iya karanta rubutun da ke jikin allon ta cikin maganin, bai kai ba. Kada kuma ka zuba shi lokaci guda da kauri don ka huta, zai tsage wajen bushewa. Da ya bushe, kashe fitila, ka haska tocila a kwance a jikin bango. Duk hudar allura za ta fito da inuwarta, ka bi ka cike.

Gwajin ruwa

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, domin mai tayil yana tsaye, maigida yana gaggawa. Kada ka yarda. Bari maganin ya cika lokacin da aka rubuta masa, wani sa'o'i kaɗan ne, wani har kwana uku. Toshe rariya daga cikin bututu, ƙasa da inda maganin ya tsaya, don a gwada mahaɗar ita ma. Tare ƙofa, ka cika ruwa ya kai kamar santimita 5, ya rufe mahaɗar bango da daɓe. Ja layi da fensir a bakin ruwan. Ajiye kwano da ruwa a gefe, shi ma ka yi masa alama, domin a hunturu iska kaɗai tana iya shanye abin da zai tsorata ka. Bayan awa 24, idan na daɓe ya sauka fiye da na kwano, akwai yoyo. Sauka ƙasa ka duba silin, ka shafa bayan bango. Idan an samu, a zubar da ruwa, a bari ya bushe, a gyara, a sake gwaji daga farko. Idan lafiya, cire toshiyar ka tsaya ka ga ruwan ya tafi duka bai bar kududdufi ba. Ɗauki hoto kafin a rufe.

Mai tayil ya shigo

Daga nan fatar amana ce a hannunsa, ka gaya masa haka. A shimfiɗa kwali a daɓe, kada a ja bokiti, kada a jefar da guntun tayil mai kaifi, kada a buga ƙusa a bango don ɗaure igiya ko katakon jera layin farko. In an huda, a faɗa, a gyara nan take. Gyaran minti goma ne.

Hanyar da aka saba a kan bulo, a jiƙa tayil a ɗora masa dunƙulen siminti da yashi, ba ta aiki a nan. Gam ɗin tayil na gari ake kwaɓawa, mai alamar C2 a jikin buhu, in da hali mai ƙarin S1 wanda ke jure motsi. Wanda ake sayarwa a kwaɓe cikin bokiti ba na wurin wanka ba ne, tsakanin roba da tayil ba zai bushe da kyau ba. A shafa da cokali mai haƙora, layukan su bi hanya ɗaya, a danna tayil a ɗan goga shi. Lokaci-lokaci a ɗaga guda a duba bayansa: a wurin ruwa ana son gam ya rufe kashi 95 cikin 100. Ɗigo biyar a bayan tayil yana barin ramuka da ruwa zai taru.

Wajen cike tsakani, duk kwana da mahaɗar bango da daɓe da kewayen baho a bar su ba siminti, a sa silikon na banɗaki mai hana funfuna, domin nan ne gini yake motsi. Daga baya idan za a huda don rataye wani abu, a nufi guntayen katakon nan da ka sa tun farko, a cika ramin da silikon kafin a murɗa sukuru, a kuma zagaye kansa. A bar banɗakin ba wanka har gam da silikon su cika kwanakin da aka rubuta a jikinsu.